Tagar da Ba Ta Numfashi

Shekara talatin da huɗu Eustace Pilgrim ya yi yana buɗe ƙofar ruwa yana rufewa a bakin kogin Demerara. Teku ya janye, ya murɗa ƙarfe ya ɗaga ƙofa ruwan gari ya fita. Teku ya dawo, ya sauke ta. Da ya yi ritaya aka sallame shi da agogon bango da ciwon gwiwa. Agogon ya mutu tuni, gwiwar ce dai har yau ba ta saɓa lokaci.

Gidansa na unguwar Werk-en-Rust na katako ne a kan dogayen ƙafafu, da taga shida irin ta da: a tura ta daga ƙasa a tokare da sanda, jikinta haƙarƙari-haƙarƙari don iska ta ratsa ko tana rufe, ga ɗan akwati a gindinta inda masu hali suke ajiye ƙanƙara don sanyaya iska a zamanin da. Eustace bai taɓa zama mai hali ba. Jiƙaƙƙen tawul yake shimfiɗawa a akwatin tagar ɗaki, saboda matarsa Verna mai ciwon asma. Iskar fanka shaƙe ta take yi. A gindin wannan tagar kaɗai ƙirjinta ke sakinta.

Duk Disamba, kafin a ɗora tukunyar pepperpot, dahuwar naman Kirsimeti, sai ya fito da tsani: kankarewa, cike ramuka, fenti sau biyu. Gishirin teku na cin fenti, gara na cin katako, shekaru na cinsa, kuma a cikinsu ba mai tafiya hutun Kirsimeti. Bara ƙafarsa ta zame daga mataki na bakwai ya faɗa kan itacen ayaba. Ayabar ce ba ta tashi ba.

Labari ya kai wa 'yarsu Shondell a Brooklyn, ita ce ta turo Mista Sookram mai tagogin roba. Ya hau bene yana haki, rungume da samfuri fari fat.

“Kawu, barka da hutawa. Inna, ya jiki? Ku duba nan. Kamar ta kakanninmu sak, har da haƙarƙarin. Ba fenti, ba tsani. Gara ta cije ta sai ta nemi likitan haƙori.”

“To ka ji, tsoho,” in ji Verna daga kujerarta. “Ka huta da hawa sama kamar biri mai furfura.”

“Birin ne ya aure ki.”

“Kuskuren ƙuruciya ne. Sa hannu mutumin nan ya tafi, ni ba zan yi takaba saboda taga ba.”

Gaskiya Eustace ya gaji. Gajiyar da ba ta barci ba ce, wadda ke zaune cikin ƙashi. Ya shafa robar, santsi kamar faranti. Ya tuna warin fenti. Har ya karɓi biro. Sai halin tsohon aiki ya motsa: mai ƙofar ruwa ba ya yarda da abu sai ya san ta ina yake yoyo.

“Riƙe min nan, ɗana.”

Ya ƙyasta ashana, ya miƙa wa Verna ta riƙe a bayan samfurin. Ya kafa baki a haƙarƙarin ya hura har idonsa ya yi ja. Wutar ko gezau.

“Kai, ina iskar take bi?”

Sookram ya gyara wuyan riga. “Ai Kawu, haƙarƙarin ado ne. Zubi ɗaya ce. Wannan ko ruwan saman watan Mayu ba ya ratsa ta.”

“Na sani. Shekara talatin da huɗu ina hana abu wucewa, na san toshewa in na gan ta. Ƙofar ruwa ka kawo min, ba taga ba. Akwatin tawul fa?”

“Mutane yanzu na'urar sanyi suke sawa.”

“Mutane,” in ji Eustace, yana duban Verna. Ashanar ta kusa cin yatsanta, ta hure ta, hurawar ta jawo tari, tarin ya daɗe.

Da ta samu kanta ta ce a hankali, “Sai a riƙa barinta a buɗe.”

“Da damina? Ruwa ya shigo ya same ki a gado?”

“In ka sake faɗowa fa, Eustace? Ayaba ta ƙare.”

Eustace ya jawo takardar cinikin, ya soke shida ya rubuta biyar.

“Kawu, gidan zai yi wani iri fa. Biyar sababbi, ɗaya tsohuwa.”

“Haka bakina yake, ban mutu ba.”

Ranar Asabar aka cire biyar ɗin. Eustace bai sauko kallo ba. Ya ce a jingine su a ƙarƙashin gida, ko ta shidan za ta buƙaci haƙarƙari. Litinin da hantsi ya jawo tsani ya kafa a gindin tagar ɗaki. Ya daɗe tsaye, hannu a kan mataki na uku, yana shawara da gwiwarsa.

Verna ta tura tagar ta tokare, ta leƙo.

“Biri, ka ɗaure tsanin?”

“Na ɗaure.”

“Ƙarya kake.”

Ya sauke numfashi, ya koma neman igiya.