Kitson da Nit Tahi Yi Taloka

Zamanin Nasara, lokacin da Bature ke zuwa rangadi bisa doki, ni ka yin gabu kasuwar Wurno. Ganyen albasa mukan daka, mu cura, mu shanya, fatake su ɗora ma jakkai su yi kudu da shi. Da shi nike ciyar da kaina da tsohuwata, don ina zawarci sannan.

Sai ga wata dattijuwa daga Taloka ta fara kawo nata. Shekara biyu fataken nan na wuce tabarmata, ko sallama babu. Nata kore shar, ga ƙamshi. Nawa baƙi, ka taɓa ya marmashe. Nis saya, nis shinshina, har tauna shi niy yi, ban gane komi ba.

To ni Allah ya ba ni hannun kitso, duk Wurno an sani. Nih hau jakin yayana, nis sauka gidan goggona Taloka. Washegari nis shiga gidan dattijuwar nic ce, "Inna, baƙuwa ta, ina neman albarka. Kawo kanki, kyauta."

Tas sa kai tsakanin gwiwoyina. Kitson da nike gamawa kahin azahar, nij ja shi har la'asar. In kitsa, in warware, in ce bai miƙe ba. Hannu na kai, ido na tsakar gida. Nig ga ɗiyanta ba su daka ganyen da ɗanyensa, sai ya sha iska ya yi laushi. In sun cura kuma, ba rana suke kai shi ba, bisa zana cikin inuwar rumfa. Ni ko da kan soro nike baza nawa, rana na toya shi!

Da nig gama tad duba madubi, taj juya kai hagu da dama, tac ce, "Madalla. To ɗiyar Wurno, kin ga abin da kiz zo gani?"

Nic ce, "Mi, Inna?"

Tac ce, "Ke raba ni! Tun sahe yatsunki ke warin albasa bisa hancina. Ga wuyanki na ta juyawa awa na zabuwa. Da kin tambaya ai da na gaya miki."

"To don mi ba ki tanka ba?"

"In tanka in rasa kitso? Wa zai yi min irin wanga Taloka?"

Matan gida sunka kwashe da dariya, har da guɗa. Nima nit taya su, mi zan yi? Tac ce fataken sun hi ƙarhin turminta, tana maida wasu hannu wofi, in dai duk wata zan zo in gyara mata kai, ita za ta nuna musu tabarmata.

Rani na zagayowa nik kahe rumfa bayan ɗakina. Kasuwar farko madugun fatake yat tsugunna, yah hasa curi guda, yash shinshina, yac ce a kwance mangalar jakkai a cika ta da gabuna.