Siket Ɗin Da Mai Maye Ya Ɗinka

Telanmu mutum ne mai zuciya. Shi da kansa yake faɗa, kamar yadda wani zai gaya maka yana da hawan jini. "Ni fa kun san ni, in zuciyata ta tashi ba na ganin kowa." Shagonsa na Sabon Gari, ta wajen Muchia, tsakanin mai gyaran fanka da wani ɗan kanti da ake sayar da sigari, alewa da giyar leda. A cocinmu na Samaru shi ke zagayawa da kwanon baiko. Saboda haka duk ankon matan zumunta da na ƙungiyar mawaƙa wurinsa ake kaiwa, wai ɗan gida ne.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in jira wata ta faɗa. Amma wanda ba ya magana yana da lokacin kallo, kuma na daɗe da lura cewa zuciyar nan da ba ta ganin kowa tana da ido garau. Na ga ta tashi a kan wata mai tallar awara da ta taka masa bakin yadi, har ya bi ta da almakashi. Ranar da wani soja ya jefa masa wando a fuska kuwa, ya ce ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, zuciyar ta tafi hutu. "Yi haƙuri oga, zauna oga, yanzu-yanzu."

Yayata tana aiki a wani shagon hoton takardu kusa da ƙofar jami'a, kuma ita ke ba da waƙa a coci, sauran su amsa. Tela ya ce yana son ta da aure. Ta ce a'a. Ya aiko wani dattijo, ta sake cewa a'a, da durƙusawa da komai. Karo na uku ya tare ta a harabar coci bayan sujada, mutane na shan zoɓo.

"Ɗan'uwa," ta ce, "na faɗa maka sau biyu da baki. Na ukun in rera maka ne, mawaƙa su amsa?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Amma ni hannunsa nake kallo. Hankicinsa yake ninkewa, ya ninke, ya sake ninkewa, har ya koma kamar akwatin ashana.

Mako uku aka yi ba abin da ya faru. Ashe zuciyar har jira ta iya.

Ranar wata Asabar da azahar ni da Yaya muka je awon ankon Ista. Mama ta haɗa ni da siket ɗina na makaranta, wanda ƙarfen Keke Napep ya farke wa kalmasa, ta ce a gyara tunda Litinin na tafe kuma shi ke nan gare ni. Tela ya karɓe mu da fara'a. Siket ɗina ya fara yi. Ina tsaye a kansa ya zura zare a allurar keke sau ɗaya tak, ko lasar bakin zaren bai yi ba. Keken ya yi ƙara, ya kewaye siket ɗin, ya yanke zaren da haƙori. Sannan ya miƙo mini kuɗi.

"Ƙanwata, je ki sayo mini zif ruwan toka. Ban da baƙi. In babu a layin nan ki shiga cikin kasuwa, ki duba a hankali."

A bayan kansa, a jikin ƙusa, akwai damin zif ruwan toka a rataye. Na gan su. Na karɓi kuɗin na fita.

Shago uku na wuce, damin nan yana ta lilo a cikin kaina. A na huɗu ƙafata ta ƙi gaba. Na juyo. Ina isa ƙofa na ji ƙarar faɗuwar ƙarfe da ihun namiji. Labulen da ake shiga bayansa a yi awo ya yaye, Yaya ta fito, kafaɗar rigarta a yage, tef ɗin awo na maƙale a ƙugunta yana jan ƙasa. Dutsen guga na kwance a sumunti, garwashi ya watse. Shi ta lalubo ta manna masa a hannu lokacin da ya danne ta a jikin bango.

"Mu tafi," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Sai da muka kai bakin titi na tuna da siket. Na ce mata ina zuwa, na koma da gudu. A nan na ga abin da ban gaya wa kowa ba har kwana huɗu. Tela na tsaye a lungun kantin nan. Ya yage ledar giya ɗaya da haƙori, ya tsiyaye ta a gaban rigarsa, yana shafawa kamar mai sa turaren zuwa biki. Ta biyun ya kurkure baki da ita ya tofar a kwata, fuskarsa ta yamutse kamar an ba jariri maganin zazzaɓi. Ko shan ma bai iya ba. Daga nan ya dawo ƙofar shago ya zube a ƙasa, ya fara waƙa yana tangaɗi a zaune. Maƙwabta suka taru, mai gyaran fanka na cewa, "Oga tela, na wetin? Kai ma ka fara?" Na ratsa ta tsakaninsu na ɗauki siket ɗina a kan keke. Ba wanda ya gan ni. Ba a cika ganina ba dama.

Washegari Lahadi, kafin mu buɗe baki, ya riga mu. Ya je gaban dattawa da kansa, ya durƙusa yana kuka, ya ce shaiɗan ya rinjaye shi ya sha giya tun safe, leda shida, bai san abin da ya yi wa 'yar'uwa ba, sai farkawa ya yi ya ga hannunsa a ƙone. Wasu mata har da share hawaye. An ce rabon da a ga tuba irin wannan tun zamanin tsohon fasto.

A cocinmu in mutum ya yi laifi ana sa shi ƙarƙashin horo. Zai koma benci na can baya, kusa da ƙofa, ba ya waƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, har wa'adinsa ya cika. Shan giya wata uku ne. Dattawa suka ce don a yi adalci ita ma Yaya za ta zauna wata uku: ta shiga bayan labule ita kaɗai, ta ƙona ɗan'uwa, kuma tun farko bakinta ne ya tunzura shi. Sai dai bencin nan ba ya rubuta laifin kowa a goshi. In namiji ne a kai, a ce ya ɗan kurɓa. In budurwa ce, ba a tambaya, cikinta ake kallo ana lissafin watanni. Yaya ta san haka. Ta daina cin abinci, ta daina rera waƙa ko a wurin wanke-wanke.

Ni kuma na yi gum. In na buɗe baki dole in faɗi maganar zif, kuma in na faɗe ta kowa zai san na gani na tafi na bar ta.

Aka sa zama ranar Laraba da yamma a ɗakin dattawa. Daga makaranta na wuce can da kayan makaranta a jikina, don an ce in zo in tabbatar an aike ni. Akwai Fasto, magatakardan coci, dattawa biyu, Baba da Mama, Yaya, da shugabar matan zumunta, wata tsohuwa da duk muke kira Kaka, wadda ta yi shekaru tana ɗinki kafin idonta ya raunana. Tela ya zo da bandeji har gwiwar hannu, alhali ƙunar ba ta wuce faɗin ƙosai ba.

Dattawan nan biyu, da suka sha rantsuwa ba su taɓa ɗanɗana giya ba, suka shiga bayaninta kamar su suka dafa ta.

"Ai giya ba ta san uwa ba," in ji na farko. "In ta hau kai, mutum ya zama akuya."

"Balle ta tarar da fushi a ciki," in ji na biyu. "Fetur ne da ashana. Namiji kuma, kun sani, ba dutse ba ne."

"Ni ko fuskarta ban gane ba," in ji tela, yana jan majina. "Idona ya rufe."

Fasto ya juyo gare ni. "'Yata, kin gan shi cikin maye, ko ba haka ba?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin siket. Fasto ya jira, ya gaji, ya ce to, yarinya ce, a bar ta. Magatakarda ya ja littafinsa.

"Me kike ta murzawa ne haka?" Kaka ce ta tambaya.

Da ƙyar na ji muryata. "Shi ya ɗinka. Ranar."

"Zo nan."

Ta sa tabarau, ta kama bakin siket ɗin ta juya cikinsa waje, ta bi ɗinkin da farce. Sai da ta sa na juya ta kewaye shi duka, ina tsaye a tsakiyar ɗaki kamar tunkiya a kasuwa. Ta dubi Mama.

"A farke ya bar gida ranar Asabar?"

"A farke, Kaka. Ni na naɗe shi na ba ta."

Kaka ta cire tabarau. "Ɗana, leda nawa ka ce?"

"Shida, Kaka."

"Tun safe."

"Tun safe."

"To don Allah wace iri ce? A sayo mini katan guda. Na tsufa a kan keke, da idona biyu da hankalina, ban taɓa fitar da kalmasa miƙaƙƙiya haka ba. Ko tsalle ɗaya allurar ba ta yi ba. Fasto, in giya ke yin wannan, a daina hana teloli."

Wani abu ya kuɓuce wa magatakarda ta hanci, ya mai da shi tari.

Ban san yadda aka yi ba, bakina ya ɓalle. Na faɗi zura zaren. Na faɗi damin zif da ke jikin ƙusa, har da cewa na gani na tafi. Na faɗi leda ta farko da ta biyu, da rigar, da kwatar. Ina magana ina kallon tsagar sumunti, don in na ɗaga kai zan tsaya.

"Maganar yara ce," in ji dattijo na biyu, amma a hankali.

"To ga zaren nan, shi ba yaro ba ne," in ji Kaka. "Tabarmar kunya dai aka naɗe mana da hauka, mu kuma muka taya kuka."

Nan take zuciyar tela ta tashi. Ya miƙe, kujera ta faɗi, ya nuno ni da hannun nan mai bandeji, wanda ɗazu ko ɗaga shi ba ya iyawa. "Ke! Munafuka! Wallahi in na kama ki..."

Baba na zaune a gefe. A gonar gwaji ta jami'a yake aiki, hannunsa kamar faranti. Miƙewa kawai ya yi. Bai matsa ba, bai ɗaga murya ba, tsayawa ya yi yana kallonsa.

Zuciyar ta duba, ta gane shi sarai. Tela ya ɗaga kujerarsa da kansa ya zauna.

Abin da ya fi wahalar da dattawa shi ne littafi. Magatakarda ya riga ya rubuta "shan giya" tun Lahadi, da biro. Suka daɗe suna shawarar abin da za a sa a madadinsa, don ainihin sunan abin ya yi musu nauyi a baki. Baba ya ce shi ofishin 'yan sanda zai kai. Suka taru a kansa da roƙo, wai kada a kai ɗan'uwa gaban hukuma a ba ikilisiya kunya. Yaya ce ta ce a bari, ta gaji da maimaita labarin a gaban maza. A ƙarshe aka ba tela wata shida, aka sanar a sujada cewa saboda "wani laifi" ne. Sunan Yaya aka soke.

A hanyar gida na ce mata, "Yaya, na ga zif ɗin."

"Na ji ai," ta ce. "Kin kuma dawo." Ta sayo mana rake a bakin tasha, muka sha a mota har gida.

Ranar Ista ita ta ba da waƙa, cikin ankon da wata mata a Palladan ta ɗinka wa ƙungiyar gaba ɗaya. Hannun rigar ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Har yanzu akwai masu cewa da ta iya bakinta da duk haka bai faru ba. Su ba su taɓa zama a bencin baya ba.

Tela bai ƙarasa wata shidan ba. Ya koma wani coci a Jushi. Wata 'yar ajinmu da ke zuwa can ta ce mini yakan tashi ya ba da shaida, ya nuna tabon hannunsa, ya faɗi yadda Ubangiji ya cece shi daga kangin giya. Ta ce ana tafa masa sosai.

Tef ɗin da ya biyo Yaya ba mu mayar ba. Yanzu in za a yi mata ɗinki ni ke auna ta a ɗaki, in rubuta a takarda, a kai wa mai ɗinki takardar. Siket ɗin kuwa ya yi mini kaɗan, maɓallinsa ya fita, aljihunsa ya huje. Kalmasar ce kawai ta ƙi warwarewa. Na so in farke ta da reza, Mama ta ce in bar ta, ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwarmu.