Murya Ɗaya Cikin Biyar

Mutanen Venis sun ce babu birnin da ke girmama mawaƙi kamar nasu, kuma gaskiya ne, musamman bayan an binne shi.

Daga bayan tulin albasarta, Orsola tana kallon wani tsoho da ke tsaye daura da ƙofar coci. Baƙar rigarsa ta koɗe, amma ya goge takalminsa tas. Yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, sai ya yi tsit yana kaɗa yatsa, can kuma ya ɗora. Irin waƙar nan ce ta muryoyi biyar masu bin juna suna saƙuwa, shi kuwa rabonsa kaɗai yake yi.

Taddeo mai kifi ya ce, "Baba, ka gama ne ko mantuwa ce?"

"Ban gama ba, ɗana. Yanzu masu siririyar murya ke shigowa. Ba ka ji ba?"

"Ni dai ƙudaje nake ji."

"To, su ma ai sun fi ka kunne."

Orsola tana zaton shi ya tsara waƙar, kuma bai taɓa jin ta a cike ba sai a cikin kansa. Duk shirun da ya yi, sai ya ɗaga ido ga ƙofar. Shugaban mawaƙan coci yake jira ya fito, ko zai saurara ya ba shi mutum huɗu.

Kowa a kasuwar ya sani, ta ƙofar baya shugaban ke fita.