Gwajin da Ya Ƙi Maimaituwa a Maamobi

Mun tashi da asuba daga Legas, inda muka yada zango bayan barowarmu Kano. Mu uku ne: ni da ɗalibaina biyu masu neman digiri na biyu, mace da namiji. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, ni malamar ilimin halayyar ɗan Adam ce, kuma hanyoyin bincike nake koyarwa, darasin da ɗalibai suka fi gudu.

Ga abin da ya fito da mu. Bara ɗalibar nan ta yi gwaji a Kano. Ta raba mata 'yan kasuwa gida biyu, ta karanta musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari wa yaro mai gudawa. Kashi ɗaya sun ji saƙon tsurarsa, ɗaya kashin kuma ta buɗe musu da karin magana, "rigakafi ya fi magani". Washegari masu karin maganar suka fi tuna saƙon nesa ba kusa ba. A kan wannan ta gina kundinta, ni ma sunana na kan maƙalar da muke shiryawa. Sai wata abokiyar karatuna da ke koyarwa a Accra ta ce mu zo ɗalibanta su maimaita gwajin a Zango, wato unguwannin masu jin Hausa na can, mu ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Iyaka uku muka ƙetare a yini ɗaya. Kowacce sai an sauka, an bi layi, an nuna fasfo da katin allura. A Kwatano 'yan acaba masu rigar rawaya sun cika titi kamar fari. A Lome teku ya biyo mu ta hagu, ɗalibin nan ya manne da taga har muka shiga Aflao, bakin iyakar Ghana. Ana kiran magariba muka isa unguwar Nima a Accra.

Da safe muka karya da koko da ƙosai, koko mai citta da kanumfari har yana ratsa hanci. Shinkafa da wake kuwa, wadda suke kira waakye, a ganye ake zuba ta, da taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Tana da araha matuƙar ba ka juya farashin zuwa naira ba. Ko'ina Hausa ake yi, amma Hausar da ta sha ruwan yaren Twi da Turanci, ba ruwanta da mace ko namiji.

Mai masaukinmu a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, wata Hajiya ce mai sayar da waakye, kakanta daga Nijar ya zo, mahaifiyarta Badagomba ce, 'yar arewacin Ghana. Tana ganin ɗalibata ta kamo hannunta ta dube ni ta ce, "Malama, ɗiyarki ya rame. Ba ya cin abinci?" Tun daga ranar ba a sake barin kwanon ɗalibar ba abinci ba.

Hajiya ce ta tara mana mata a tsakar gidanta, 'yan kasuwa da masu dako daga arewacin Ghana. Tun kafin mu zo mun rubuta tsarin aikin mun sa hannu: wa zai shiga, me za a tambaya, wace amsa ce daidai. Mun kuma naɗi saƙon a waya don kowa ya ji murya ɗaya. Da aka kawo ƙwarya da ƙuri'un raba matan gida biyu, Hajiya ta ce, "Bari ni in raba su, na san masu kai." Na ce, "Hajiya, saboda kin san su ne ba za ki raba ba." Ta yi dariya har da tafi, ta riƙe ƙwaryar da kanta.

Rana ta uku bayan la'asar, ɗaliban Accra suka gama haɗa amsoshi. Babu bambanci. Masu karin magana da marasa ita duk tafiyarsu ɗaya.

Ɗalibata ta duba takardun sau uku. Saura 'yan watanni ta kare kundinta. Ta matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Malama, masu dakon nan Hausarsu ba ta nuna ba. Na gwada, idan aka cire su bambancin yana dawowa."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi shiru fiye da yadda ya kamata. Maƙalar nan ina buƙatarta. Amma takardar da muka sa wa hannu ta ce duk matar da ke ciniki da Hausa za ta shiga, kuma na san da sakamakon ya yi mana daɗi ba wanda zai tuna da Hausar masu dako. Na ce mata ba za mu cire kowa ba. Idonta ya ciko.

Hajiya na gefe tana tsince wake. Ba ta san kan lissafinmu ba, hawaye ta gani. Ta ce, "'Yata, wai mene maganar da ke cikin wayar? Faɗa mini da bakinki." Yarinyar ta share ido ta fara. Sai ga shi ta ja "rigakafi" ta ɗan dakata, ta ɗaga gira, ta kaɗa yatsa, har matan da ba su watse ba suka ƙarasa mata da "ya fi magani!"

Hajiya ta ce, "Yo da haka kika yi mana ai da mun riƙe. Wancan waya ne yake magana."

Muka dubi juna ni da ɗalibata. A Kano da bakinta ta karanta wa kowa saƙon, tana sane da waɗanda take fatan su fi. Ni da ke duba aikinta ban taɓa tambayar yadda ta karanta ba. Ita ta riga ni magana: "Malama, ke nan wataƙila ni na auna, ba karin maganar ba." Ta jawo littafinta ta fara rubuta yadda za ta sake gwajin Kano da muryar waya.

Ranar tafiya Hajiya ta cika mana kwalba biyu da shito, ta rako mu har inda ake hawa trotro, ƙananan bas ɗinsu, tana ta jaddada wa ɗalibata ta riƙa cin abinci.

Mun iso Kano lafiya, alhamdu lillahi. Na janye maƙalar, an ɗaga kare kundin zuwa zangon karatu mai zuwa, kuma sakamakon biyu duk za su shiga ciki, mai daɗin da marar daɗin. Shekaru ina koyar da cewa mai bincike yana iya tura sakamako ba da saninsa ba, amma sai a wannan tafiya na gane cewa faɗar hakan a gaban allo ba wuya, wuyar tana ranar da sunanka ke kan takardar. Jiya na ba sababbin ɗalibai labarin nan daga farko, ban tsallake shirun da na yi ba.