Ɗakin da Ya Ƙi Komawa Ciki

Mun tashi da asuba daga gida a Jimeta, mu uku: ni, da Goggo ƙanwar mahaifina, da babban ɗanta da nake kira Hamma. A bayan motarsa muna jan wani ɗaki mai taya, irin wanda Turawa ke zuwa shaƙatawa da shi. Wata ƙungiyar agaji ce ta bar shi a Yola da rikici ya lafa, Hamma ya saya a gwanjo, ya girke shi a tsakar gida kaji na kwana ƙarƙashinsa. Abin taƙamarsa shi ne gefen ɗakin. In ka danna maɓalli sai bango ya zame waje da gado a jikinsa, kamar aljihun tebur. Amma in bai koma ciki ba, ba a hawa titi.

Goggo ba ta sake ganin ƙauyenta ba tun ranar da ta gudo Jimeta da zanen jikinta. An ƙone gidan, shi ya sa muka ɗauko mata wurin kwana. Sharaɗin Hamma guda ne, ya kuma nanata shi kafin mu haye gadar Binuwai: kwana ɗaya, a juyo, don maganin hawan jininta da likitanta duk suna Jimeta. Ita kuwa kogi take kallo.

Hanyar Girei zuwa Song ba laifi, sai dai ramuka, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai ɗakin ma ya faɗa nasa. A Song muka sha fura da nono. Mai nonon na ganin abin da muke ja ta ƙara kuɗi, wai mu manya ne. A shingen bayan Gombi wani soja ya zagaya ɗakin ya ce, "Oga, asibiti ne?" Hamma ya ce ɗakin kwana ne. Ya girgiza kai ya ɗage mana ƙarfe.

Ƙauyen ya farfaɗo rabi da rabi. Ga sabon kwano yana walƙiya, ga kango ciyawa ta cinye. Muka tsaya a filin gidan Goggo, Hamma ya danna maɓalli, bango ya fito sumul, mutane suka yi ta salati. Tsofaffin ƙawayenta suka cika wurin, ana kuka ana dariya, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Ban taɓa ganin Goggo ta cinye malmala biyu ba sai ran nan.

Washegari da hantsi muka yi shirin juyowa. Hamma ya danna maɓalli, ɗan injin ya yi gurnani, gefen dama ya motsa, na hagu ya cije. Bango ya karkace ya tsaya. Tirƙashi!

Muka fara da batir, muka jona shi da na mota, shiru. Muka zare fiyus, lafiyarsa lau. Hamma ya ce ƙila ƙasar ce ba daidai ba, muka ajiye kwanon ruwa a tsakar ɗakin, muka yi ta ɗaga jak har ruwan ya kwanta daidai. Na shiga ƙarƙashi na goge layukan ƙarfe masu haƙora da bangon ke tafiya a kansu, na fitar da yashi, na shafa giris. Muka auna fitowar gefe biyun da igiya, muka sassauta noti muka daidaita su. Muka sa hannun juyawa na gaggawa, ya yi 'yan zagaye ya ƙame. Zufa kuwa ba a magana.

Duk wannan bidiri Goggo na zaune a bakin gadon, ta sauke zanen gado har ƙasa, tana ɓare gyaɗa. Wa zai ce wa uwa ta tashi a leƙa ƙarƙashin gadonta? Ko a ranmu bai zo ba. Sai da azahar ta yi ta sauka alwala, na durƙusa neman sifana da ta gangara, na ɗaga zanen. Ɗan dutsen niƙa ne, an cusa shi tam tsakanin ƙafar gado da gindin kabad, a gefen hagu. Har da tsumma aka naɗe shi don kada ya kankare katako.

Hamma ya riƙe dutsen yana jujjuyawa har ta dawo.

"Mama, wa ya sa wannan?"

"Ni na sa. A toka na tono shi jiya, shi kaɗai wuta ta bar mini." Ta zauna. "Ɗana, ka riƙe ni da kyau a Jimeta, Allah ya yi maka albarka. Amma can baƙuwa ce ni. Nan aka binne ubanka."

Hamma ya ajiye dutsen. Ya danna maɓalli, bango ya shige ciki lafiya ƙalau, ba ko ƙara. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya sake dannawa ya fito da shi, ya ce in tayo shi neman duwatsun da za mu tokare tayoyi. Muka kwance ɗakin daga jikin mota, ya ƙirga wa maƙwabciyarta magunguna, ya ce zai riƙa zuwa duk wata. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.

Dawowa mota ta yi sauƙi, mai ma ba ta sha kamar jiya ba. A shingen Gombi sojan nan ya tambaya ina asibitin, Hamma ya ce mun bar shi da mai jinya. Muka shigo Jimeta bayan magariba.

Abin da na koyo, in irin wannan bango ya cije, kafin a taɓa batir ko noti a fara duba abin da ya tare shi daga ciki, a kuma tambayi wanda ke zaune a kai. Da safe na tarar da Hamma tsaye a tsakar gida, a inda ɗakin yake da, riƙe da kofin kunun da ya saba kai wa Goggo.