Ta Ina Kanta Yake?

Tun hantsi mai tuƙa injin ɗaga kaya yake lura da wani dattijo a bakin rumbun kaya na filin jirgin sama. Siriri ne, rigarsa ta sha guga, ga ɗan zare maƙale a kafaɗarta. Wataƙila tela ne, don kowane akwati ya wuce sai ya bi shi da ido kamar mai awo. Ko zama ba ya yi.

Nasa kayan na fitowa tsakanin kwalayen magani da tayoyin mota: dogon akwatin katako, rufe ruf da ƙusoshi. Mai injin na ajiye shi a bayan motar asibiti, dattijon ya matso.

"Ɗana, gawar 'yata ce. Karatu ta tafi. Ta ina kanta yake?"

Mai injin ya duba. An rubuta nauyi, an zana kibiya mai nuna sama, shi ke nan.

"Wallahi Baba, ba su nuna ba. Mu sama da ƙasa kawai muka sani."

"So nake in zauna wajen kanta. Tun tana ƙarama mota ke sa ta jiri."

Ya dafa nan, ya dafa can, duk faɗinsu ɗaya. Sai ya tuɓe takalmansa, ya hau motar, ya zauna a gefen akwatin daidai tsakiya, ya miƙa hannu ɗaya ta kowane ɓangare. Hannayen ba su kai ƙarshe ba, amma haka ya bar su har aka rufe ƙofa.

Mai injin ya koma kan tayoyin.