Ranar da Balki Ta Taya Haƙori

Balki dukanci ta gada wajen kakarta, a tsohon garin Agadas. Shekara talatin tana ɗinka jakunkuna da kube na fata, kuma duk zaren da ta ja da haƙori take tsinke shi. A unguwa an san ta da iya ciniki. Ko masu kawo albasa daga Dabaga, in suka hango ta sai su fara rage kuɗi tun ba ta yi sallama ba.

Bara ne wani haƙorinta na tauna ya tsage. Ta sa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, kumatu dai sai ƙara kumbura yake. Ƙanenta Illo ya ce ta je likitar gwamnati, can da sauƙi. Ita kuwa sai ta ɗauka kyauta ne, ta ɗaure kuɗin kabu-kabu kawai a bakin gyale ta tafi.

A ƙofa aka ce ta yanki tike, wato takardar ganin likita. A ciki lokotoron haƙori, wani mai fara'a da ake kira Hamidu, ya duba ya ce sai an yi radiyo, wato hoton haƙorin, ga kuma takardar maganin da za ta sayo a farmasi. Ya bayyana mata cewa cike haƙorin ya fi cire shi tsada, amma duka biyun ba su kai rabin abin da ake biya a kilinik mai zaman kansa ba.

Balki ta dafe kumatu ta ce, “Ɗana, haƙorin nan rabinsa ya riga ya fita da kansa. Rabin kuɗi zan ba ka.”

Hamidu ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi ba ya taɓa kuɗi, farashin yana manne a bango. Ta fita ta sa aka karanta mata, ta dawo ta sake tayawa, bai sallama ba.

Ta koma gida ta sayar da jaka biyu, bayan kwana uku aka cike haƙorin. Tun daga nan duk matar unguwa da ciwon haƙori ya tasar wa, Balki ce ke raka ta. Tana gaya mata abin da za ta riƙe da tagar da za ta fara zuwa, tana kuma hana ta tayawa, wai mutanen nan ba su san ciniki ba.